Ranar da Yumɓu Ya Riƙe Ni a Rami

Lokacin da abin nan ya same ni, ni ɗan ci-rani ne, saurayi mai ji da ƙarfi, ina kwana a wani shago a Gyadi-Gyadi. Ƙasar garinmu rairayi ce zalla. Duk ruwan da aka tafka, kafin ka fito daga ɗaki ta shanye. Da wannan sanin na shigo birni ina haƙa wa mutane ramin masai.

Wata damina da ban koma gida noma ba, muka sami aiki ni da wani abokina a wani gida a Tarauni. Sama-sama ƙasar ciko ce, yashi da shara, amma da muka yi zurfi sai muka tarar da baƙin yumɓu mai danƙo. Ramin ya fi tsayina nesa lokacin da hadari ya haɗo. Abokina ya ce in fito mu je cin abinci, na ce ya tafi, zan ƙarasa gyara gindin. Ya tafi, igiyar da muke hawa da ita tana sama. Da ruwa ya sauko ban damu ba, ina zaton zai tsotse. Bai tsotse ba. Cikon da ke sama ya riƙa tace shi yana zubo mini ta bango, yumɓun kuwa ya riƙe shi kamar randa. Na yunƙura zan ɗaga ƙafa, sai na ƙara nutsewa. Na kama bango, ya sulɓe a hannuna. Na yi ta kira, amma ƙarar ruwa a kan kwano ta danne muryata. Da ruwan ya kawo ƙirjina na daina kira, na koma salati, ina tunanin wanda zai kai wa mahaifiyata labari.

Wata dattijuwa a gidan ce ta fito tarar ruwa, ta ga takalmana a bakin ramin, ta leƙo. Ta ce kada in motsa, ta kirawo masu adaidaita sahu da suka fake a waje. Suka zuro mini igiya na ɗaura a hammata, suna ja, yumɓu yana ja, har na ji ƙuguna ya amsa. Sai da suka yi ta kwashe ruwan da bokiti, na tone ƙafafuna da hannu, sannan na fito. Tun daga ranar ban sake ɗaga diga ba. Gadi nake yi yanzu, ina ɗingishi, noma ma ya gagare ni.

'Yan'uwana masu haƙa, ƙasa ba ɗaya ba ce. Ku jiƙa ta ku matse a hannu. In ta dunƙule tana sheƙi, ba za ta sha ruwa ba, kuna ganin hadari ku fito. Kada kuma ku zauna a rami babu kowa a sama. Ni Allah Ya kawo mini mai leƙowa, ba kowa ke samu ba.