Auduga a Bayan Ɗiyata

Ni ba mai yawan dariya ba ce, jikokina sun sani. Ido gare ni, kuma a zangon kutare na 'yan mishan na koyi sa ido, can wajen Sakkwato, zamanin Turawa. Shekara shida ana yi mini allurar mai, har Allah ya tsayar da cutar, bayan ta cinye mini kan yatsu biyu. A can na karɓi Yesu, a can na auri maigidana, shi ma jinya ta kai shi. Da aka sallame mu muka koma ƙauyensu a ƙetaren gulbi, ƙasar Goronyo, tun ba wanda ya yi mafarkin madatsar ruwa.

Har yau ina jin ƙamshin garin nan: albasa a shanya, kifi a kan wuta, sabon gero. Mu kaɗai ne masu bi. Ran Lahadi maigida ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ya karanta Littafi yana bin layi da yatsa, ni in saurara. Mutanen gari ba su tsangwame mu ba. Ba sa sa hannu a ƙwaryarmu, amma ran Sallah tuwonsu na shigo mana, ran Kirsimeti mu aika musu ɗanyen gero da albasa, don mun san dafaffe ba zai ciwu ba.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana. Tana da shekara shida, da tsakiyar damina, ina yi mata wanka na ga wani tabo fari-fari a bayanta, ƙasan kafaɗa. Soso ya faɗi daga hannuna. Da irinsa tawa ta fara.

A zango akwai yadda ake gwadawa. A rufe wa mutum ido, a shafa auduga a kan tabon. In ya ji, da sauƙi. In fatar ta mutu bai ji ba, ita ce. Malamin asibiti da ya san aikin yana Wurno, gulbi kuwa ya cika ya shanye fadama, masu fito sun ce ba sa ɗaukar yara sai ruwa ya ja. Sai na zama likitar kaina.

Kullum da safe in leƙa wajen Inna, tsohuwar da ke katanga ɗaya da mu, mai kaɗi, in roƙi ɗan yagin auduga. In zaunar da yarinyar, in ɗaure mata ido da kallabina, in shafa audugar a kan tabon.

"Kin ji?"

"Na ji, Iya."

Sai in sami numfashi zuwa azahar. Da la'asar zuciya ta ce a sake. Abinci ya daina wuce mini. Na hana ta wasa da yara, na ware mata ƙoƙo, in ta yi susa in daka mata tsawa.

Wata safiya Inna ta riƙe audugar ba ta miƙo ba.

"Ke ɗiyar ga, audugar ga da kika amsa kullum, zare kika yi ko miya? Ni ban ga mazari hannunki ba."

Na faɗa mata. Ta ajiye kaɗin ta biyo ni, ta tsaya tana kallo na yi gwajina, yarinya ta ce ta ji.

"Tuɓe awarwaron ga," in ji Inna. "Ko ni da kunnena ya tsufa na san sa'ad da kika ɗaga hannu."

Na tuɓe. Na tsaya shiru, ban ko motsa ba. Can yarinyar ta ce, "Na ji, Iya."

Ashe ƙarar awarwaro take bi. Ta lura in ta ce ta ji fuskata na sakewa, shi ke nan take faɗa. Da na shafa da gaske kuma sai ta fashe da kuka. Kwana ashirin ina gwaji, ban san komai ba, na kuma koya wa ɗiyata tsorona.

Inna ta ce, "Ke da kullum kike cewa kuna da mai ceto, mi ya hana ki kai mishi? Ni dai in abu ya fi ƙarfina tabarmar salla nika nema."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ina addu'a, amma irin ta baki, wadda aka koya mana a jere. Da hantsin nan na zuba gero a turmi na yi wa Yesu magana yadda nake yi wa mutum. Na ce, kai da ka taɓa kutare da hannunka ba ka ƙyamace su ba, ga bayan ɗiyata. Ni na duba na gaji. Ban iya cire tabon ba, ban iya rage gulbi ba. Ina daka ina faɗa, hawaye na zuba a tsaba.

Ba ranar tsoron ya tafi ba, kada in yi ƙarya. Amma na daina zuwa roƙon auduga. Duk sa'ad da hannuna ya yi ƙaiƙayin ɗaga mata riga, sai in ɗora shi a kanta in ce, Ubangiji, taka ce. Wata rana sau goma. Sannu a hankali wani tunani ya zauna mini: ko da ita ce, wanda ya riƙe ni shekara shida bai tsufa ba. Na mayar da ƙoƙonta cikin namu. Na soma cin tuwo har maigida ya ce a ƙara hatsi.

Da ruwa ya ja muka shiga kwalekwale, ni da ita da ubanta. Na lura a tsakiyar gulbi ina kallon farar balbela a kan shinkafa, ba bayanta ba.

Malamin asibiti ya sa ta juya, ya ba ta ƙosai ta shagala, ya shafa audugarsa ba tare da ya tambaye ta komai ba. Ta gantsare ta ƙyalƙyale da dariya, "Wayyo, cakulkuli!" Ya sake, ta sake.

"Ƙyasbi ne, Iya," ya ce. "Zufar damina. Ga man shafawa."

Da muka dawo Inna na bakin ƙofa da mazarinta. Na ce mata ƙyasbi ne. Ta yi hamdala, ni na ce Amin, sannan ta ce in biya ta audugarta da albasa.

Ɗiyar nan yanzu furfura gare ta. Har gobe in aka kawo mini jika wanka sai na juya bayansa na duba, wannan ba ya barina. In na gama dubawa, sai in ɗora hannu a kansa.