Duro

Baba Sakiru ne ya karya mini haƙorin gaban nan, ranar da na fara aiki a injin yanka katako na bakin ruwan Epe. Shekara ashirin da bakwai yana kan babban zarto, kuma zarton ya riga ya ci yatsu uku na hannunsa na hagu. Shi ke horar da sababbin ma'aikata. Ba allo, ba alli, sai guntun fambel a hannun damansa.

Darasinsa ɗaya ne. A bakinmu na Yarbawa, duro shi ne tsaya. Duk wanda ya hangi haɗari ya yi ihun duro, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga hannuwa sama, ba waige. Baba Sakiru yakan lallaɓo bayanka ya kurma shi. Ka waiwaya, fambel ya sauka a fuskarka. Ni na waiwaya. Na tofar da jini da rabin haƙori cikin dusar katako, ya ce, "Ka gode Allah ni ne, ɗan iska. Zarto ba ya barin rabi."

Na tsane shi, kuma ban ɓoye ba. Shi ya sa na yi murna da sabon manaja, Oga Folarin, ya hana duka. Ya gyara ɗaki, ya sa benci da fanka, sababbi su yi mako biyu suna koyon sassan inji a hoto, su fito da satifiket. Gaskiya sun san abin da mu ba mu sani ba.

Wanda ya zo na ɗaya a ajin magidanci ne mai 'ya'ya biyu, sunansa Durosinmi. Kowa Duro yake ce masa.

Baba Sakiru ya tafi ofis da ƙurarsa. "Oga, a canja wa mutumin nan suna kafin ya taɓa inji."

"Baba, suna kuma? Ni na haife shi?"

"Ka ba ni shi kwana uku, ni zan cire masa shi daga kunne."

"Da fambel? Ka sake taɓa wani, ɗan sanda zan kira maka."

Har da ni a masu dariya.

Ranar Alhamis ta biyu da fara aikinsa, Duro yana riƙe da hannun keken da ke tura gungume cikin zarto. Ni na hangi kan ƙusa a jikin gungumen. Zarto ya haɗu da ƙusa tsinkewa yake yi. Na buɗe maƙogwaro: "Duro!"

Hannuwa goma sha biyu suka tashi sama. Shi kuwa ya juyo yana murmushi, hannunsa na kan keken, ya ce, "Na'am?"

Ban san tsoho na gudu haka ba. Baba Sakiru ya bangaje shi da kafaɗa, Duro ya faɗi can gefe, zarton ya tsinke da ƙara ya zabgo inda wuyansa yake a dā. Hannun daman Baba ya samu. Jini ya fesa har jikin kwanon rufi. Na ɗaure dungulmin da rigata ina kuka kamar ƙaramin yaro, shi yana zagin uwata wai ban ja da ƙarfi ba. Hannun na ƙasa cikin dusa, ba wanda ya iya ɗauka.

Bayan kwana shida na raka Duro asibiti. Ya kwanta rub da ciki a gaban gado, yadda muke gaida manya, ya miƙa fambel ɗin da ya tsinto a ma'aikata.

"Baba, don Allah ka doke ni. Ko zan iya barci."

Baba Sakiru ya dubi fambel. Ya dubi bandeji, ya ɗaga yatsunsa biyu da suka rage.

Ya ce, "Da wanne?"