Hayaƙi, Tashi Ka Share Allo

A firamaren da na yi a gefen Bwari, ba mai kirana Sale. Hayaƙi ne sunana. Zamanin farar hula ne, kuɗin mai ya shigo, ana sare daji ana gina Abuja, ajinmu ya cika da 'ya'yan ma'aikata masu ƙamshin sabulu. Ni rigar makaranta ɗaya gare ni, kuma a bakin murhun kakata Iya take bushewa.

Iya ƙosai take soya wa leburori. Bayan magariba sai ta tara mu jikoki a gaban ragowar wutar ta yi mana tatsuniya. Nan ne kawai nake jin ni mutum ne, kuma nan ne nake kwaso warin da ake ci mini mutunci da shi.

Nasiru, ɗan wani injiniya, shi ya laƙaba mini sunan. Ina shiga aji zai toshe hanci, saura su kama yin tari na ƙarya. Ran nan suka juye mini bokitin ruwa, wai gobara suke kashewa. Malam ya shigo ya same ni ina ɗiga, ya yi dariya ya ce, "Hayaƙi, tashi ka share allo." Ruwan ya bushe tuni. Wannan maganar ce har yau ba ta bushe ba.

Da yamma na koma can jikin zana na zauna, nesa da wuta.

"Maigida, yau fushi ake da amarya?" in ji Iya. "Matso mana."

"Nan ma ina ji."

Ta dubi rigata a igiya, ta dube ni, ta gyara itace. "To, ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai wani mutum yana da kaji cike da gida. Ɗan tsako ɗaya ya faɗa toka, kansa ya yi fari. Zakara ya gani ya sa masa baki, sauran suka bi. Mai kajin yana kan tabarma yana kallo, yana cewa wasa suke. Kullum haka, har ɗan tsako ya kasa zuwa wurin tsaba, ya fice bayan gida shi kaɗai, shaho ya sure shi. Kajin kuwa sun riga sun saba, washegari suka zaɓi wani.

"Wa ya kashe ɗan tsako?" ta tambaye mu.

"Shaho!"

"A'a. Shaho cikinsa ya kawo shi."

"Zakara!"

"Zakara kaza ne, me ya sani? Ku dubi na kan tabarma."

Washegari ta ajiye kaskonta, ta ja hannuna har ofishin hedimasta. Ko kujera bai ba ta ba. Ya ce, "Haba Iya, wasan yara ne." Ta ce, "Jiya na ba da labarinka," muka fito. Bai gane ba, bai kuma yi komai ba. Sai ma aka ƙara mini da Jikan Mai Ƙosai. A aji biyar na daina zuwa, ba malamin da ya tako gidanmu ya tambayi dalili.

Yau lodin motoci nake yi a tashar Utako. Lambar mota ina karantawa, takarda kuwa sai na nemi wani. Nasiru ban riƙe shi sosai ba, yaro ne. Manyan da suka zauna suna kallo, su ne na kasa yafe wa.

Kwanan baya 'yata Hafsatu ta fara ciwon ciki kowace safiya, amma ban da Asabar da Lahadi. Na matsa mata, ta ce 'Yar Tasha ake kiranta, kuma ana ɓoye mata jaka. Na bar lodi na tafi makarantar da rigar aikina. Malaminsu ya fara, "Ka san yara, Oga..."

Na ce, "Kar ka ƙarasa. An taɓa ƙarasa mini wannan maganar, ga ni nan a gabanka."

Na zauna a bakin ajin na ce ba inda za ni sai an kira iyayen yaran. Aka kira su. Gobe ma zan leƙa, jibi ma. Sunanta Hafsatu, kuma sai ta gama makarantar nan da sunanta.