Wasiƙar Kawu Lawal da Ban Kai Gidan Waya Ba

Da direban Malumfashi ya tsaya a ƙofar gidanmu a Funtua ya ce Kawu Lawal ya rasu, kowa ya yi salati, ni kuwa ɗaki na shige. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: wasiƙarsa tana wurina, wata bakwai ke nan, cikin wani littafin soyayya.

Ƙanen Inna ne, malamin kimiyya a Malumfashi. Ya bar karatu a Turai ya dawo jinyar Kaka, bai sake komawa ba. Mutum ne marar hayaniya. Ko akuya ta shiga gonarsa, da lallashi yake korarta. In ya gama duba takardun ɗalibai, sai ya koma zanen na'urarsa.

Yakan ce yawancin nauyin sammai wani abu ne da ba ya haske, ba a ganinsa, yana ratsa mu kullum. Ƙwayar da ta fi ƙarancin nauyi a cikin wannan abu yake nema. "Hadiza, sikelin auduga yana jin buhu, amma ba ya jin zare ɗaya. Mai jin zaren nake so." Zanensa ɗan dutse ne garai-garai da za a sanyaya fiye da ƙanƙara, a lulluɓe da darma, a kai ƙarƙashin ƙasa inda babu motsi, don in abin ya taɓa shi a ji ɗan ɗuminsa.

Baba yakan tsokane shi: "Malam, ka kamo iskar taka?"

"Tukuna, Alhaji. Duniyarku ta cika surutu."

Ranar da ya aike ni gidan waya da wasiƙar, na ga sunan mace a bayan ambulan. Na karanta littattafai da yawa, sai na ɗauka wata ce za ta raba mu da shi. Na ɓoye. Duk zuwansa yakan tambaya, "Ba amsa?" In sunkuyar da kai. Daga baya ya daina tambaya, ya daina zanen ma. Ya ce, "Ƙila ba su ga amfaninsa ba."

Bayan sadakar uku na buɗe wasiƙar. Ashe wadda ya rubuta wa malamarsa ce ta jami'a. Zane ne shafi huɗu, da roƙo ɗaya: a gwada, ko ba da sunansa ba.

Na gaji da riƙon wannan abu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Gwaggo Rabi matarsa da yara haƙuri, ni kuma Ya yafe mini. Gobe zan bi motar Malumfashi in durƙusa gabanta, in miƙa mata wasiƙar, in faɗi komai. In ta yarda, da ƙafata zan kai gidan waya.