Farin Dutsen da Na Tokare Ƙofa da Shi

Ka taɓa ganin motar da ke mutuwa a minti na sha ɗaya cif, ba goma ba, ba sha biyu ba? Ni na gani, sau bakwai, da agogo a hannuna. Ita ce ta kai ni gaban Kawu Ɗaya-Ɗaya.

Motar ta Baba ce, shekararta arba'in da uku, ta girme ni da takwas. Ran da zai yi tafiyar kwana biyar ya miƙo mini makulli ya ce, "Ka riƙa ɗumama ta. Bonet kuwa, ko ƙuda ne ya shiga, bar shi ya fito da kansa." Na ce to. Bai kai tasha ba na buɗe.

Niyyata ta alheri ce. Tsohon kontak ɗinta, mai ba injin tartsatsin tashi, na wahalar da Baba da safe, sai na ce bari in mayar da ita 'yar zamani. Na zaga shago uku. Na sayi ƙwaƙwalwar wuta mai maye gurbin kontak ta wani kamfani, kwayil mai sheƙi mai ƙara wa wuta ƙarfi na wani, wayoyin fulogi na wani daban. Na ɗaura su cikin minti hamsin. Wani ɗan farin dutse mai wayoyi biyu ya tsaya mini a hanya, na cire shi. Tana tashi da bugu ɗaya. Minti sha ɗaya, sai ɗif.

Kwana uku na ɓata, saura biyu, sannan na ja ta zuwa gareji.

Kawu mai gyaran wutar mota ne, shekararsa hamsin a sana'ar. Yana matashi, in ji shi, ya canza wa wata mota abu biyar rana ɗaya, ta kama da wuta, har yau bai san wanne ne ya yi laifin ba. Tabon na nan a babban yatsansa. Tun ranar ya rantse ba ya taɓa abu biyu lokaci guda, sunan ya bi shi. Rumfarsa taku shida ce. A ciki akwai benci, mitar auna wuta, ƙullin jan zare da yake ɗaure duk wayar da ya gama da ita, da gwangwani huɗu cike da takardun nan na cikin kwali waɗanda mutane ke yarwa.

Ya leƙa injin ya daɗe. "Injiniya, taron ƙasashe ka haɗa a nan?"

"Kawu, duk sababbi ne."

"Sababbi ne. Sun san juna?"

Ya ce in tayar da ita, ya zauna yana ɓare gyaɗa. A minti na tara ya ce in ɗora tafina a kan kwayil. Na ɗora, na janye ba shiri.

"Da ka zo da ƙwai da mun karya," in ji shi. "Ina takardar ƙwaƙwalwar?"

"Na yar."

"Kowa ma yarwa yake. Ni nake bin bayanku." Ya tona gwangwani na biyu, ya zaro irinta. Ba ya jin yaren da aka rubuta, lamba kawai yake nema. Ya nuna mini da farce: uku. Ya ɗora mita a kan kwayil ɗina: ɗaya da rabi.

"Wannan tana son wanda zai riƙe wuta uku. Naka rabi ya iya. Sauran wutar ita ke dakonta, in ta gaji sai ta yi yaji. Kai mai lissafi, nawa ya rage?"

"Ɗaya da rabi."

"Ina farin dutsen da ke nan?"

Dutsen na gida, na tokare ƙofar kicin da shi, har uwargida ta yaba mini.

Na je na dawo cikin minti ashirin da shida. Ya auna shi: ɗaya da rabi. Ya mayar da shi mazauninsa, ya ja wa ƙwaƙwalwar wayarta daban, ya ɗaure da jan zarensa. Muka tayar. Sha ɗaya. Sha biyu. Har arba'in tana rugugi, kwayil ɗumi-ɗumi kamar goshin mai lafiya.

"Kawu, don Allah kar Baba ya ji."

"Bakina da goro. Ko kalma."

Ya kuwa cika alkawari. Baba ya dawo, ya murɗa makulli, ta tashi da bugu ɗaya. Ya kashe, ya fito, ya ɗaga bonet. Ga jan zare nan a jikin waya, har da ɗan tuntu da Kawu bai saba yi wa kowa ba.

"Ƙudan da ya shiga," in ji Baba, "har gareji ya kai ta?"

Na fara bayanin uku da ɗaya da rabi. Ya saurara har ƙarshe, ya sa makullin a aljihu. Wata huɗu da kwana tara ke nan, wanki kaɗai ke haɗa ni da ita.

Kai da ke shirin haɗa wa tsohuwar mota kayan kamfani uku, gwada wannan tukuna: ciro takardar daga kwali, nemi lambar, ɗora mita. Sannan ka leƙa ƙofar kicin ɗinka, ka ga me ke tokare da ita.