Ranar da Likita Ta Roƙi Gwaggo Ta Yi Surutu

Gwaggona mai kitso ce, amma a layinmu Rediyo ake kiranta. Shagonta ɗan ƙarami ne: madubi mai tsaga, kujera ɗaya, benci, da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Mace ta shigo kitso, ta fita da labarin unguwa guda. Mijinta direban babbar mota ne, yakan ce ya zaɓi tuƙin nesa ne don kunnensa ya sha iska.

Sai ta fara tuntuɓe da kalmomi. Ta ce min, "'Yar nan, miƙo min abin nan mai haƙora." Mataji take nufi. Muka yi dariya, har da ita. Ranar da ta faɗi a shago tana jijjiga, dariya ta ƙare. Hoton asibiti ya nuna ƙari a gefen hagu na ƙwaƙwalwarta.

Likitar da za ta yi mata tiyata ta zaunar da mu. Ta ce, "Mama, saman ƙwaƙwalwa kamar gari yake, unguwa-unguwa. Akwai ta gani, akwai ta motsa hannu, akwai masu fahimtar magana da harhaɗa ta. Ƙarin naki a maƙwabtan magana ya yi gida. Don kada mu yanki inda bai kamata ba, a farke za mu yi aikin. Za mu kashe fatar kan, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki yi shiru."

Gwaggo ta gyara zama. "Likita, don Allah maimaita, maigidan bai ji ba."

"Kada ta yi shiru, Baba."

Gwaggo ta tafa hannu tana ƙyalƙyala dariya, har mai shara ya leƙo. Tun daga ƙofar asibiti take sanar da mutane cewa surutu aka rubuta mata.

Abin da ya faru a ɗakin tiyata, nas ɗin da ta riƙe mata hotuna ce ta ba mu labari, tana share hawayen dariya. Likita tana taɓa saman ƙwaƙwalwar da wata 'yar waya mai ɗauke da ɗan lantarki, wuri bayan wuri, nas tana nuna hoto. Aka nuna kaza. Gwaggo ta ce kaza, ta ɗora da tarihin kazar maƙwabciya da ta addabe ta. Aka nuna mota, ta kwaikwayi minsharin mijinta.

Can aka taɓa wani wuri, aka nuna almakashi. Baki ya buɗe, ba kalma. Yatsunta biyu ne kawai ke datsa iska. Da aka ɗaga wayar sai ta ce, "Almakashi! Kai! Ina ganinsa, na san aikinsa, na san wadda ta ari nawa ta hana, amma sunan ya bar gari!" Likita ta sa wa wurin alama, ta kauce masa. Ɗan gaba kaɗan kuma Gwaggo ta kalli doki ta ce raƙumi, da ƙarfin hali kuwa. Nan ma aka sa alama.

An cire ƙarin, kuma ba mai yaɗuwa ba ne. Da farko kalmomi sun yi mata nauyi. Cokali ya zama "ɗan aiken baki", ni kuma na zama "wannan ta wurin yayana". A hankali suka dawo gida, sai 'yan ƙalilan da har yau sai ta yi cigiyarsu.

Yanzu ta koma shago. In ta zo tsaga gashin gefen hagu, sai ta sassauta hannu, ta ƙwanƙwasa kan mace da yatsa, ta ce, "Nan ba a ja da ƙarfi, ƙawata. Ƙarƙashin nan kike ajiye sunayen 'ya'yanki."