Malam Mati Mai Kiwon Tumakin Bincike

Da an idar da sallar asuba Malam Mati yake ɗaukar kekensa daga Ƙofar Sauri, ya nufi wani shingen tumaki da ke bayan ɗakin duba dabbobi, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki. Kafin ya zuba dusa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa, ya shafa ƙafa, ya sa hanci ya sansana ɗauri ko ya fara wari. Wadda ta ƙi cin harawa ya san ta, ya kuma san dalili. A takardar aiki sunansa lebura. A wannan watan yake ajiye aiki, shi ya sa muka ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Shekara biyu da suka wuce Dakta Ramla, likitar ƙashi, ta zo wurinsa da damuwarta. Tsofaffin mata ne ake kawo mata da karaya. An ɗora, an kwance, ƙashin ya sake ɓallewa, don cikinsa ya zaizaye kamar karan da gara ta ci. Ta ce tana son ta bi yadda irin wannan ƙashi yake haɗewa, kuma tsohuwar tunkiya da ta sha haihuwa tana iya nuna mata wani abu. Ta faɗa masa yadda ta gani a wurin karatunta: a sa wa dabba allurar barci, a karya ƙafar, a ɗora.

Mati ya ce mata:

"Likita, a yi mani haƙuri. Hannuna bai iya karya mai lafiya. Ki ba ni wata guda, karyayyu suna nan."

Ya shiga kasuwannin ƙauye yana tsayawa kusa da mahauta. Duk tsohuwar tunkiyar da aka kawo yanka don ta karye, sai ya roƙi mai ita ya bar masa. Cikin kwana ashirin da shida ya tara goma sha ɗaya. Duk mako biyu yakan ɗora su a amalanke a kai su ɗaukar hoton ƙashi, yana rufe wa kowacce ido da hularsa don kada ta firgita.

Shi ne ya fara lura da abin da hoton ya tabbatar daga baya. Ranar da aka cika kwana arba'in, Dakta Ramla ta ce a kwance wa wata mai baƙin kunne ɗaurinta. Mati ya ce a dakata.

"Dubi yadda take tashi. Sai ta fara jingina da bango. Ba ta yarda da ƙafar ba tukuna, kuma ta fi mu sanin ta."

Aka ɗauki hoto, aka ga ƙashin bai ko kai rabin haɗewa ba.

A makon da sojoji za su miƙa mulki, gari ya cika da shirin walima. Wata safiya mota ta tsaya a bakin shingen, wani Alhaji Babaji, ɗan kwamitin shagali, ya fito da takarda a hannu. Ya ce an ba shi izinin kwashe dabbobin da ba su da amfani, za a ciyar da baƙi. Dakta Ramla tana Kaduna. Saura mako uku a gama binciken, in aka yanka su aikin wata da watanni ya tafi.

Waɗanda suke wurin sun ce Mati bai ɗaga murya ba. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa ya zauna.

"Kai ba ka ga sa hannu ba?" in ji Alhaji.

"Na gani, ranka ya daɗe. Amma amana aka ba ni, mai ita ba ta nan. Alhaji, mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan. Mi ya kawo maganarta?"

"Don irin su ake wannan aiki. In ta zame a bakin rijiya, abin da tumakin nan suka koya wa likita shi za a yi mata."

Alhaji Babaji ya ce wa Mati zai iya rasa aikinsa a kan wannan. Mati ya ce ya sani. Direba ya kashe mota. Can Alhaji ya leƙa ta saman shingen, ya ga tsofaffin tumaki da ƙafafu a ɗaure, ya ninke takardarsa ya sa aljihu.

An gama binciken. Daga nan Dakta Ramla ta daina gaggawar kwance wa tsofaffi ɗauri, sai hoto ya nuna ƙashi ya kama. Inna Bara'atu ta Gobarau, wadda wuyan hannunta ya ɓalle sau biyu, ta yi mako goma sha ɗaya da ɗaurin siminti a hannu tana mita. Yau da wannan hannun take dama wa jikokinta fura. Ba ta taɓa jin sunan Mati ba.

Kai ne ba a rubuta sunanka a rahoton ba, Malam Mati, ba ka kuma tambaya ba. Kai ne ka nuna ana iya neman ilimi a jikin dabba ba tare da an wulaƙanta ta ba. Mai sanyin hannu, uban marasa baki. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa ka sami mai kula da kai ranar da naka ƙashin ya gaji.

Mu kuma da aka damƙa wa wani ɗan aiki a wani lungu, inda ba mai leƙowa ya yaba, mu riƙe shi da kyau. Wata tsohuwa da ba za ta taɓa sanin mu ba tana jiran amfaninsa.